It Takes Two: gem ɗin da ba ya buguwa sai da mutum biyu

A Jos idan aka ce gem, ƙwallo ake nufi. Ka leƙa kowane shagon gem daga Bauchi Road zuwa Dilimi, abin da za ka tarar ke nan: samari biyu a kan benci kowa riƙe da hannun gem, wannan ya ɗauki Real Madrid wancan ya ɗauki Barcelona, saura suna tsaye a baya suna jiran wanda za a cire. Wanda aka ci shi ke biya. In ba ƙwallo ba to Mortal Kombat ne, shi ma dai sai wani ya kwantar da wani. Da wannan muka tashi, kuma har gobe ina buga ƙwallon. Amma akwai wani rukunin wasanni da ba a cika sani ba a nan, waɗanda mutum biyu ke haɗa kai su tunkari abu guda, in an ci tare aka ci, in an faɗi tare aka faɗi. A cikin waɗanda na buga na wannan rukuni babu wanda ya kama ƙafar It Takes Two, kuma shi nake son in yi wa bayani saboda duk mai PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4, a gida da yake da aboki ko ɗan'uwan da za su zauna tare.

Wani kamfani ne mai suna Hazelight da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya ƙera shi, Electronic Arts kuma ya fitar da shi kasuwa a watan Maris na 2021. Jagoran aikin shi ne Josef Fares, haifaffen Berut ta ƙasar Labanan, wanda iyayensa suka koma Suwidin da shi yana yaro, ya fara da shirya fina-finai kafin ya juya ga harkar gem. A ƙarshen wannan shekarar It Takes Two ya lashe kyautar gwarzon gem na shekara a bikin The Game Awards, zuwa 2024 kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 20. Yana kan PS4 da PS5 da Xbox da kwamfuta, a 2022 aka kai shi kan Nintendo Switch. Abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya zaro kuɗi shi ne, ba shi da zaɓin mutum ɗaya ko kaɗan. Na'ura ba za ta riƙe maka ɗaya ɓangaren ba. In babu mutum na biyu da hannun gem na biyu, a bakin ƙofa za ka tsaya.

Ni da wani abokina na ƙuruciya muka buga shi. Tare muka yi firamare a Gangare, yanzu shi malamin makaranta ne, ni kuma ina kasuwanci. Lokacin hunturu ne, irin sanyin Disamba na Jos da mutum ba ya son fita bayan Isha'i, sai ya riƙa biyowa ta gidana a Rikkos mu zauna a falo da filas ɗin shayi, mu yi awa ɗaya ko biyu ya wuce gida wurin iyalinsa. A haka muka kai ƙarshensa cikin wasu makonni. Tsawonsa gaba ɗaya yana kaiwa awa 12 zuwa 14, ya danganta da saurinku da kuma yawan tsayawar da kuke yi wurin leƙe-leƙe.

Labarin na wasu ma'aurata ne, Cody da May, da suka yanke shawarar rabuwa. May injiniya ce, kullum tana wurin aiki, Cody kuma shi ke zaune a gida da 'yarsu Rose. Ranar da suka faɗa wa yarinyar, sai ta ɗauki 'yan tsana biyu da ta haɗa a siffar iyayenta, ta uwar da katako, ta uban da yumɓu, ta shige rumfar ajiyar kaya ta bayan gida tana kuka. Hawayenta ya ɗiga a kansu, sai iyayen suka farka a jikin 'yan tsanar. Akwai kuma wani littafin nasihar ma'aurata da ya sami rai, mai gashin baki da yawan surutu, wai shi Dakta Hakim, wanda ya dage sai ya sasanta su. Ɗayanku zai ɗauki Cody, ɗaya ya ɗauki May, allon talabijin ya rabu biyu daga sama zuwa ƙasa, kowa yana ganin nasa yana kuma ganin na ɗan'uwansa.

Inda gem ɗin ya yi fice shi ne yadda yake raba muku aiki. Ba a taɓa ba ku kayan aiki iri ɗaya. A rumfar nan ta farko, bayan kun gama da wani tsohon injin zuƙe ƙura da ya fusata don an yasar da shi, sai a ba May kan guduma, a ba Cody ƙusoshi. Shi yana iya jefa ƙusa ta kafe a jikin katako, ya kuma yi fito ta dawo hannunsa. Ita kuma tana iya maƙala gudumar a jikin ƙusar ta yi lilo ta tsallake rami. To ƙusoshin ba su da yawa. Idan May tana tsakiyar lilo, dole Cody ya janye ƙusar da ta bari a baya ya sake jefa ta a gabanta kafin ta iso, in ya makara ta faɗa. Babu yadda za a yi wannan a yi shi shiru. Ni na riƙe Cody, shi ya riƙe May, kuma abin da aka riƙa ji a falon ke nan: "Mutumina, jefa ta can, ta hagu!" "Tsaya tukun, bari in kira ta baya." "Yanzu, yanzu!" Sai da muka kai inda ba ma buƙatar cikakkiyar magana, ya ce "to" in saki. Abin ya koma kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, in ɗaya ta yi gaggawa sai su yi karo.

Da kun fara ƙwarewa a kan guduma da ƙusa sai a karɓe su. Wannan ɗabi'ar gem ɗin ce daga farko har ƙarshe, kuma ita ce ta sa ban taɓa jin gundura ba. A cikin wata bishiya kun tarar kuregu suna yaƙi da rina, sai a ba Cody bindigar da ke fesa danƙon itace, a ba May wadda ke harba ashana. Danƙon shi kaɗai ba ya kashe komai, ashanar ita kaɗai ma haka, amma in ya shafa ta kunna sai wuri ya tashi da wuta. Ƙarshen wannan sashe har yanzu ina tuna shi: Cody yana tuƙa wani ɗan jirgin sama yana kauce wa rassa, May kuma tana tsaye a kan fukafukin tana dambe da shugaban kuregun, allonta ya koma sak irin na gem ɗin faɗa mai layin jini a sama. Abokina, wanda ya ƙware a Mortal Kombat tun muna yara, sai da ya miƙe tsaye a wurin nan.

A ɗakin Rose an ba Cody ɗamarar da ke sa shi ya zama ƙato ko ya ƙanƙance, May kuma takalman da ke ba ta damar tafiya a jikin bango da rufi. Can gaba a cikin wani agogon bango, shi yana iya mayar da lokaci baya ko ya tura shi gaba a kan wani abu, ita kuma tana iya ajiye kwafin kanta a wuri ta koma gare shi nan take. A cikin wani ƙwallon gilashi mai ɗan ƙauye da dusar ƙanƙara, an raba muku maganaɗisu biyu, ja da shuɗi, kuna jan abu ko kuna tunkuɗa shi, har ku da kanku kuna jan juna. A lambu May na riƙe da lauje da mesar ruwa, Cody yana rikiɗa ya zama tsiro iri-iri. Ni dai sashen agogo ne ya fi kwanta min, domin a nan ne tunani ya fi gudu yawa. Akwai wuraren da muka ajiye hannun gem a cinya muka tsaya muna duban allo muna shawara, ya kawo tasa dabarar in kawo tawa, sai ta bayyana cewa rabin amsar na wurinsa rabi na wurina.

Wani abin da na yaba shi ne rashin tsanani wurin hukunci. In ka faɗa rami, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ka dawo kusa da inda ka faɗi. A faɗan bos, wato babban abokin gaba na sashe, in an kashe ɗayanku yana iya dawowa ta hanyar danna maɓalli da sauri matuƙar ɗan'uwansa na raye, sai in an kashe ku duka ne za a mayar da ku baya kaɗan. Wannan ya sa wanda bai iya ba ba ya zama kaya a wuyan wanda ya iya. Na gwada farkon gem ɗin da maiɗakina, wadda ba ta taɓa riƙe hannun gem ba. Tsalle da gudu ba su ba ta wahala ba. Abin da ya dame ta shi ne abin murzawa na dama da ke juya kyamara, domin tafiya da yatsa ɗaya da juya ido da ɗaya abu ne da sai hannu ya saba. Ta ce min, "Abban yara, ni fa ƙasa kawai nake gani." Muka tsaya a wani fili babu abokan gaba ta yi ta zagaye har ta kama. Duk wanda zai buga da sabon shiga, ina ba shi shawara ya yi haka, kuma ya bar wa sabon shigar zaɓin wanda yake so ya riƙe, kada ya karɓe masa hannu don ya wuce masa wuri mai wuya. Da zarar ka karɓe, daɗin ya tafi.

Ga masu son gasa kuma ba a bar su haka ba. An ɓoye ƙananan wasanni 25 a cikin matakan, inda za ku ajiye haɗin kai ku kara da juna: jan igiya, tseren dodon koɗi, dara irin ta Turawa, da wani da Cody ke leƙowa daga rami May na ƙoƙarin kwaɗa masa guduma. Ana gane wurinsu da ƙarar wata 'yar ganga mai kacau-kacau. Minti biyu ko uku ne kowanne, ku yi dariya ku ci gaba.

Sai maganar labarin, wanda a kansa ra'ayina ya rabu. May da Cody a farko ba mutanen da za ka so ba ne. Gori suke yi wa juna a kan komai, wa ya fasa wannan, wa ya yi alkawarin gyara wancan bai gyara ba. Wannan kam gaskiya ne, duk mai aure ya san zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma yawancin abin da ke cin aure ba manyan laifuka ba ne, irin waɗannan ƙananan ne da aka bari suka taru. Amma akwai wani wuri a tsakiyar gem ɗin da ya tsaya min a rai. Iyayen sun yi tunanin tunda hawayen Rose ne ya jefa su cikin wannan hali, to hawayenta ne zai fitar da su, don haka suka yanke shawarar lalata abin wasan da ta fi so, wata 'yar giwa mai laushi da fara'a. Giwar ta tarbe su da murna, ta yi musu tayin abin ci, sannan da ta gane nufinsu ta shiga roƙo. Kuma ba kallo za ku yi ba, ku ne za ku danna maɓallan da za su ja ta. Ban ji daɗin wurin nan ba ko kaɗan, kuma ina ganin an wuce gona da iri. Idan akwai ƙananan yara a falon, a tashe su kafin a iso nan.

Abokina bai ce komai ba lokacin da muke wannan sashe. Iyayensa sun rabu yana aji uku na firamare, a hannun kakarsa ya tashi, ni kuma na san haka tun muna yara amma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Da muka kai inda aka nuna Rose ita kaɗai tana ɗora wa kanta laifin rabuwar iyayenta, sai ya dakatar da gem ɗin ya ce, "Wallahi haka ne. Yaro gani yake shi ya jawo." Muka daɗe muna hira a daren nan, shayin ma ya huce. A garuruwanmu aure na mutuwa, dangi su taru a yi maganar sadaki da kayan ɗaki da wanda zai riƙe yara, amma da wuya ka ga an zaunar da yaron an ce masa ba laifinka ba ne. A wannan gaɓar masu gem ɗin sun faɗi gaskiya, kuma saboda ita na yafe musu abubuwa da dama.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda aka sauƙaƙa gyaran. Dakta Hakim ya ɗauke su darasi huɗu, na ba wa juna lokaci, na dawo da shaƙuwa, sannan na farfaɗo da abin da kowannensu yake so ya bari, shi lambu ita waƙa. Darussan ba su da aibu, amma aure da ya kai bakin saki ba ya warkewa da sauri haka, kuma babu ko mutum ɗaya daga dangi ko manya da ya bayyana a labarin. Shi kansa Dakta Hakim ɗin ya cika iyayi da karairaya, wasu motsin jikinsa ma ba su dace a gaban yara ba. Duk fitowarsa sai na ƙosa ya gama mu koma wasa. Sashe na ƙarshe, na kiɗa da waƙa a ɗakin saman rufi, ya ɗan yi tsawo, kuma wanda ba ya son kiɗa a gidansa ya san da zamansa. Hukumar da ke sa wa wasanni shekaru a Turai ta ba shi 12, akwai 'yan kalmomin ashar marasa nauyi da Turanci, akwai kuma sumba tsakanin mijin da matar. Na faɗi waɗannan ne don kowa ya san gidansa. Maganar cikinsa duk da Turanci ce, amma wasan kansa ba ya buƙatar jin Turanci sosai, hoto da alamar maɓalli sun isa.

Ta fuskar kyan hoto, a kan PS4 ɗina na talaka bai taɓa sarƙewa ba, kuma ƙauyen ƙanƙarar nan da lambun suna da kyan da za ka so ka tsaya kallo. Sai dai tunda allo rabuwa yake yi, girman talabijin na da muhimmanci. A inci 32 muka buga, ya wadatar in an matso kusa. Ƙasa da haka ido zai wahala, musamman wurin saita ƙusa a nesa. Batun wuta kuma, gem ɗin yana ajiye inda kuka kai da kansa a kai a kai, don haka in an ɗauke wuta ba ku rasa abu mai yawa ba. Na'urar ce abin tausayi, domin PS4 ba ya son a yanke masa wuta yana aiki, in ya dawo sai ya tsaya binciken ma'ajiyarsa. Wanda yake da inbata ko sola ya jona a can, wanda janareta ne da shi ya duba mai kafin a zauna.

Akwai tsarin da suke kira Friend's Pass, wanda a takarda abu ne mai kyau ƙwarai: mutum ɗaya ya saya, abokinsa da ke wani gari ya sauke nasa kyauta su buga ta intanet. Na gwada da ƙanina da ke Kubwa a Abuja, shi yana kan PS5 ni ina kan PS4, kuma sun haɗu lafiya, domin 'yan gida ɗaya ne. PlayStation da Xbox ne ba sa haɗuwa a wannan gem ɗin. Amma kafin a kai ga haka akwai hidima. Saukewar ta haura gigabait 30, wanda ba ƙaramin data ba ne. Sai an buɗe asusun EA, wato Electronic Arts, wasa ta intanet a PlayStation kuma yana tafiya ne da rajistar PlayStation Plus, wadda ake biyan kuɗinta. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake zaɓa wurin buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutanenmu ke buɗe na Amurka ko Ingila su riƙa sayen katin kuɗi na ƙasar da suka zaɓa. Wanda kuma ya sayi PS4 irin wanda aka buɗe aka loda masa wasanni a kasuwa, ya cire rai da wannan tsari, domin irinsu ba a hawa intanet da su. Bayan duk wannan, in sabis ya yi rauni sai ka ga ɗan jinkiri tsakanin dannawarka da abin da ɗan'uwanka ke gani, kuma a gem ɗin da aka gina kan "yanzu, saki!" wannan jinkirin kaɗai ya isa ya ɓata wuri. Mun kira juna ta WhatsApp mun ajiye waya a gefe, mun kuma ji daɗi a daren da sabis ya yi kyau. Duk da haka bai kai zama a kujera ɗaya ba, inda za ka miƙa hannu ka nuna masa abu a allo.

Da muka gama shi mun nemi wasu irinsa. Overcooked 2, wanda ya fito a 2018 daga kamfanonin Ghost Town Games da Team17 na Ingila, shi ne na biyu a wurina, kuma ya fi It Takes Two dacewa da gida mai jama'a domin har mutum huɗu na iya bugawa. Ɗakin girki ne: wani na yanka, wani na ɗora tukunya, wani na wanke faranti, oda na shigowa lokaci na tafiya, in an bar tukunya ta daɗe wuta ta tashi. Ɗakin girkin kansa ba ya zama wuri ɗaya, wani a kan kwale-kwale, wani a cikin balan-balan mai tashi sama. Maɓallansa kaɗan ne, babu juya kyamara, yara ma suna kamawa nan da nan, kuma ba shi da nauyin saukewa. Sai dai yana da zafi. It Takes Two yana ba ku sarari ku yi shawara, shi wannan agogo ne ke bin ku, kuma in ba a raba aiki tun farko ba sai murya ta fara tashi. Da Sallah da 'yan'uwa suka taru a gidanmu shi muka sa, mata da yara kowa ya karɓa.

A Way Out, na 2018, shi ma na Josef Fares ne, labarin fursunoni biyu, Leo da Vincent, da suka haɗa kai suka tsere daga kurkuku. Gajere ne, kamar rabin tsawon It Takes Two, kuma ya fi kama da fim. Akwai wuri mai kyau da za ku jingina baya da baya ku hau wani dogon rami, kowa na danna nasa daidai da na ɗan'uwansa. Amma na manya ne zalla, shekara 18 aka sa masa, da ashar da jini da tsiraici tun a farkonsa, ba na falo ba ne in iyali na nan. Sabon aikin kamfanin kuma, Split Fiction, ya fito a watan Maris na 2025, labarin marubuta mata biyu, Mio da Zoe, da suka maƙale a cikin labaran da suka ƙirƙira. Na taɓa shi a wurin ƙanina a Abuja, ya fi It Takes Two sauri da wuya, kuma shi yana haɗa mai PlayStation da mai Xbox da mai kwamfuta. Ba ya kan PS4, sai PS5, don haka yawancinmu a nan sai mu dakata tukun.

Kuɗin It Takes Two lokacin da ya fito dala 40 ne, kuma yana yawan shiga rangwame a shagon intanet na PlayStation. Faifansa sabo ko na hannu ana samu wurin masu sayar da kayan gem a kewayen Terminus, in babu su kan yi maka odarsa daga Abuja ko Legas. Ni faifan na fi so, domin ya rage maka yawan saukewa, in kun gama kuma kana iya ba wasu aro ko ka yi musaya da wani. A duba bayansa a haske kafin a biya. Inda aka fi cutuwa shi ne wurin sayen hannun gem na biyu, domin jabu sun cika kasuwa kuma a ido da wuya ka bambance su. A gem ɗin ƙwallo hannu mai ɗan matsala yana iya wucewa, amma a nan, inda za ka saita ƙusa ko ashana a kan ɗan ƙaramin wuri, abin murzawa mai zamewa da kansa zai hana ku sakat. Ka sa mai shago ya jona shi a na'ura a gabanka, ka ɗauke yatsunka gaba ɗaya ka ga ko hoton yana motsi shi kaɗai, ka danna maɓallan baya guda huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka cire waya ka ga ko batirin yana riƙe caji.